Kwaɗon Chebo a Sarƙar Hulda

A wajenmu, in kana son sanin nauyin mutum, kada ka dubi motarsa ko hularsa, je ka dubi sarƙar ƙofa. Kowane gandun kiwo a wannan yanki na Texas yana da ƙofar ƙarfe a bakin hanya, sarƙar da ke ɗaure da ita kuwa ba kwaɗo ɗaya ne a jikinta ba. Na mai gandu yana nan, na mai gyaran famfo yana maƙale da shi, na ma'aikatan lantarki yana maƙale da wancan, kowa ya zo sai ya buɗe nasa ya shige. Yayana Eusebio Montalvo, wanda duk gari ke kira Chebo, bai taɓa mallakar ƙasar da za a ɗaure akuya ba. Amma akwai shekarar da kwaɗonsa ke rataye a ƙofa goma sha tara, kuma ni Amparo, ƙanwarsa, ban gaji da faɗar wannan ba har yau.

Sana'arsa kafa shinge ce. Rabin wayar ƙaya da ke tsakanin garinmu da kogi shi ya ja ta da hannunsa, shi ya sa nakan tsokane shi da cewa da kansa ya kulle kansa a waje. Abin da ke ransa kuwa farautar dila ce, dilan nan namu da ake kira kayoti, mai cinye wa mutane 'ya'yan tumaki. Matsalar ita ce a nan babu dajin da ba na kowa ba. Duk inda ka sa ƙafa akwai mai shi, da takardarsa, da allon gargaɗi a jikin waya. Ko harsashinka ba shi da izinin tsallake shingen wani. Mafarauci marar ƙasa, in ba wanda ya yarda da shi, bindigarsa ado ce a bango.

A gandun Reinke aka haife mu, a wani ɗan gidan dutse kusa da rafi. Babanmu Nabor shi ke kiwon tumakin Emil Reinke da matarsa Hulda, kuma yana da kwaɗonsa na tagulla a sarƙarsu. A can Chebo ya koyi kiran dila da usur ɗin ƙahon saniya da Baba ya sassaƙa masa, a can kuma ya tafka kuskuren da ya bi shi har furfura.

Yana ɗan shekara goma sha tara, a tsakiyar zafin watan Agusta, ya bi ta makiyayar arewa ya tarar da ƙofar da ke tsakaninta da kwamin ruwa a buɗe. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san doka: yadda ka tarar da ƙofa haka za ka bar ta. Chebo ya sani sarai. Sai dai makon da ya wuce wasu baƙi sun bar wata ƙofa a buɗe garke biyu suka cakuɗe, aka kwana biyu ana tsinta. Sai ya ɗauka su ne suka sake, ya ja ƙofar ya rufe, ya ƙara mata waya don kada iska ta buɗe, ya dawo gida yana jin ya yi abin kirki. Ashe famfon makiyayar arewa ne ya lalace, Emil ya buɗe ƙofar da gangan don tumaki su riƙa zuwa shan ruwa, shi da Hulda kuma suka tafi biki wani gari. Baba yana kwance da zazzaɓi. Garin neman gira aka rasa ido. Bayan kwana uku aka tarar da tunkiya arba'in da ɗaya a mace, sun taru a jikin ƙofar, kwamin ruwa yana cike taku ashirin daga inda suke.

Ba wanda ya ga Chebo a wurin. Emil ma baƙin nan ya ɗora wa laifi. Ni da nake 'yar shekara goma sha huɗu na roƙe shi ya ja bakinsa ya yi shiru, don tun ina ƙarama na fi shi sanin inda ke yi mini ciwo. Bai saurare ni ba. Ya cire hula ya je ya tsaya a gaban Emil ya ce shi ne. Emil bai ɗaga murya ba. Hulda ce ta fito bakin ƙofa ta ce muddin tana numfashi ƙafarsa ba za ta sake taka ƙasarsu ba. Ba su kori Baba ba, amma kunya ta kore shi. Ranar da muka kwashe kaya zuwa gari, ya tsayar da mota a ƙofar gandu, ya cire kwaɗonsa daga sarƙar, ya jefa wa Chebo a cinya.

Daga nan Chebo ya zama wani irin mutum a kan maganar ƙofa, har yakan ba ni haushi. In zai je neman izinin farauta ba ya buga waya, don ya ce wanda bai ga idonka ba, cewa a'a ba ta yi masa wuya. Sai ya wanke a-kori-kurarsa, ya bar bindiga a gida, ya sa rigar zuwa coci. Ba ya zuwa lokacin cin abinci, ba ya zuwa ranar askin tumaki. Yakan tsaya nesa da ƙofar gida da hula a hannu, ya faɗi sunansa da na ubansa, kafin a tambaye shi kuma ya faɗi labarin tumaki arba'in da ɗaya da bakinsa. Na ce masa wa ya taɓa ganin mai talla yana fara nuna ruɓaɓɓen kaya? Ya ce gara su ji daga gare shi da su ji a shagon sayar da dusa.

Kuma abin ya yi aiki. Wani ya ba shi Asabar ɗaya, ya dawo da dila biyu ya rataye a jikin shinge inda mai gandu zai gani, ya kuma gaya masa akwai saniya mai ɗingishi a kwarin gabas. Wani ya ba shi makiyaya ɗaya, ya tashi ya tarar wayarsa da ta saki an ɗaure ta. Ba ya taka ciyawa da mota, ba ya barin ko kwanson harsashi a ƙasa, ba ya zuwa da aboki. In Kirsimeti ta zo ni ce mai wahala, in kwana biyu ina naɗe tamale, ƙullin masara mai nama a ciki, a bawon masara, shi kuma ya bi gida gida yana rabawa kamar shi ya dafa. Masu gandu suna da baki, ɗaya ya faɗa wa ɗaya a bakin coci, har ya kai ga su ke aiko masa. Sai da makullansa suka yi nauyin da ke yaga masa aljihu.

Ƙofa ɗaya ce ta ƙi buɗuwa. Sau uku ya je wa Hulda cikin shekarun nan, na ƙarshe bayan rasuwar Emil, duk sau ukun ta bayan babbar ƙofar gandu ta amsa masa, amsar kuma ba ta canza ba. Na sha ce masa ya rabu da tsohuwar nan, ƙasarta ba aljanna ba ce. Sai ya yi murmushi ya ce ai bai ce aljanna ce ba.

Sai zamani ya juya. Tsofaffi suka yi ta mutuwa, 'ya'yansu da ke birni suka yi ta sayarwa. Masu saye ba tumaki suke so ba, barewa suke so, su kafa shinge mai tsawon mutum biyu su ba attajirai masu son farauta haya. Sabon mai gandu ba ya sallama, almakashin ƙarfe kawai yake sa wa a yanke duk kwaɗon da bai sani ba. Chebo yakan je ya tarar da nasa a yashe cikin ciyawa. Daga goma sha tara suka koma bakwai, suka koma biyu. Shekarar da ya cika sittin da uku saura masa wuri ɗaya tak, wani siririn fili na Wendell Tate, tsohon direban motar makaranta, wanda shi ma ya riga ya sa hannu zai sayar in bazara ta shigo. Bayan wannan, gandun tumaki ɗaya ne ya rage a duk yankin, na Hulda Reinke. In ba ta buɗe ba, farautar Chebo ta ƙare, shi ma ya san haka.

A lokacin ita ma tana cikin nata tashin hankalin. Wani tsohon dila mai yatsa uku a ƙafar gaba ya sa mata garke a gaba, kusan kowace safiya sai an tsinci ɗan tunkiya a yage. Jikokinta sun kawo mata samari daga birni da na'urar kira mai batir, suka yi ta kunna masa kukan zomo har ya haddace, in ya ji sai ya juya ya yi gaba abinsa. Ba a banza ake ce wa dila malamin daji ba. Duk gari an san Chebo ne maganinsa, ita ma ta sani, amma hali zanen dutse.

Filin Wendell yana jingine da shingen Hulda ta arewa. Wata safiyar Fabrairu muka tafi can ni da shi, don tun da zuciyarsa ta taɓa yi masa gargaɗi likita ya hana shi fita daji shi kaɗai, matarsa kuma ta rasu, ni ce dai na rage. Rana ta ɗan ɗago, sanyi yana cizo. Na zauna bayan wani dutse na ƙudundune cikin bargo ina zagin kaina a zuci, shi kuma ya zauna iska na bugun fuskarsa ya fito da usur ɗin ƙahon nan. Bai yi kukan zomo ba. Kukan ɗan akuya ya yi, wanda kansa ya maƙale a waya, sau biyu ƙasa ƙasa, sannan ya yi shiru har na ɗauka barci ya kwashe shi.

Can sai ga dilan ya ɓullo ta ƙarƙashin shingen Hulda, ya shigo filin Wendell yana tafe yana tsayawa. Chebo ya bar shi ya yi nisa da waya ya juya gefe, sannan ya harba. A daidai lokacin dabbar ta zabura, harsashi ya same ta a ƙugu maimakon ƙirji. Ta faɗi, ta miƙe da ƙafafun gaba, ta ja jiki ta koma ta ramin da ta fito. Da muka isa bakin shinge ga shi can kwance gindin wata ƙaya, taku goma sha biyu cikin ƙasar Hulda, yana numfashi yana kallonmu. Ga sawun yatsa uku a bakin ramin.

Na san yayana, babu abin da ya tsana kamar barin dabba cikin azaba. Ya ɗaga bindiga, ya sauke. Ya dafa waya, ya janye hannu.

Na ce, "Yaya, ƙarasa shi mana. Wa zai gan ka a nan, tumaki?"

Ya ce, "Ƙasarta ce."

"To tsallaka ka jawo shi. Kai ka kafa shingen nan, ka fi kowa sanin inda ake taka shi."

"Ba ta ce in shiga ba, Amparo."

Na gaya masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Na tuna masa cewa dabbar da ke cinye mata arziki ce ya kashe mata, kamata ya yi ta yanka masa rago. Ya cire harsasai ya zuba a aljihu, ya juya wajen mota da saurin da ban san gwiwoyinsa na da shi ba. Hulda ba ta ɗaukar waya, kowa ya san wannan. Daga inda muke zuwa ƙofar gidanta ta hanyar mota mil goma sha huɗu ne, don sai an zagaye tudu an haye gada. Ya bar motar a bakin babbar ƙofa, ya danna ƙaho sau uku, ya fito ya tsaya a waje da hula a hannu, ga jini a takalminsa, ba rigar coci ba komai.

Ta fito da ƙaramar motar gona, tsohuwa 'yar shekara saba'in da takwas, cikin rigar sanyin marigayi mijinta. Ta dube shi ta cikin sandunan ƙofa ta ce, "Ɗan Nabor, ban canza magana ba."

Ya ce, "Na sani, ranki ya daɗe. Ba farauta na zo roƙo ba. Na harbi mai yatsa ukun nan a filin Wendell, bai mutu ba, ya shiga makiyayarki ta arewa. Yana shan wahala. Ki ba ni izini in ƙarasa shi, ko ki aika wani."

Ta tambaye shi nisan dilan daga shinge, ya faɗa mata. Ta tambaye shi ko yana ganinsa daga inda ya tsaya, ya ce ƙwarai. Ta kalli hanyar da muka biyo. Sannan ta buɗe kwaɗonta, ta bar motarta a nan, ta hau tamu ta zauna a tsakiya, ta ce da idonta za ta gani.

Wanda ke bakin ƙofar mota shi ke sauka ya buɗe ƙofofin gandu, don haka ni na yi ta hawa da sauka, uku na buɗe uku na rufe. Ta huɗu ita ce ƙofar nan ta kwamin ruwa. A buɗe take, an ja ta an ɗaure da waya a jikin shinge. Chebo ya wuce bai rage gudu ba, amma na ga jijiyoyin hannunsa a kan sitiyari.

Dilan yana nan da sauran rai. Chebo ya sa masa harsashi ɗaya, ya huta. Hulda ba ta ko tsaya kansa ba, sai ta dogara sandarta ta nufi shinge, ta leƙa ɗaya gefen. Ƙasar da laima, komai ya fito: sawun takalmin Chebo ya zo har gindin waya, ya yi ta dirzawa a wuri ɗaya, sannan ya juya. Ta daɗe tana kallon wurin. Da ta buɗe baki ba shi ta kalla ba.

Ta ce, "Ƙofar da aka bari a buɗe da gangan, ɗaure ta ake yi a jikin shinge don mai wucewa ya gane. Ranar nan Emil bai ɗaure ba, sauri muke yi ni nake azalzalarsa. Ya sani, ni ma na sani."

Jinina ya tafasa. Shekara arba'in da huɗu tana riƙe da wannan magana a ciki, Babanmu ya mutu a gidan haya a gari yana ɗaukar kansa uban wanda ya yi ɓarna. Na buɗe baki zan wanke ta tas, tsufanta bai dame ni ba. Chebo ya riga ni.

Ya ce, "Ko an ɗaure ko ba a ɗaure ba, a buɗe na tarar da ita, ranki ya daɗe. Ni na rufe."

Ban taɓa jin haushinsa kamar lokacin ba, ban kuma taɓa alfahari da shi kamar lokacin ba, duka biyun a tare har na rasa wanda zan fara haɗiyewa. Hulda ta share hanci da bayan safar hannu, ta ce sanyin nan bai da kirki. Ta sa ya ɗauki dilan ya rataye a shingen bakin hanya, ta ce tana so samarin nan masu batir su gani.

Da muka dawo babbar ƙofa ta sauka da ƙyar, ta kama sarƙar tana jujjuyawa. Ta ce akwai wata macen dila da ke yawo wajen rafi, kuma ita ba za ta iya fitowa buɗe wa mutum ƙofa kullum da sassafe ba, ba yarinya ba ce. Sannan ta ce, "Kana da kwaɗo, ko sai ka je gari?"

Chebo ya zagaya ya buɗe aljihun gaban mota, ya zaro wani tsumma mai maiƙo. Na sha ganin tsumman nan cikin motocinsa, tun ta farko har wannan ta huɗu, na ɗauka wani ƙarfen gyara ne. Kwaɗon tagullar Baba ne. Ashe duk shekara sai ya ɗiga masa mai. Ya sa makulli, ya buɗe ba ko gardama. Hulda ta gane shi, na ga ta gane. Ya saƙala shi a zoben sarƙa, ya maƙala cikin nata yadda kowa zai iya buɗe nasa, ya danna, ya ja sau biyu. Ta hau motarta ta juya gida, ta bar mu a waje da ƙofa a kulle.

Muka shiga mota. Na jira ya tayar mu kama hanyar gari, don yunwa nake ji, ƙafafuna kuma sun ƙage. Ya tayar, amma bai juya ba. Ya zauna yana kallon ƙofar, da hanyar da ta miƙe bayanta ta gangara wajen rafi, inda har yanzu ake hango bututun hayaƙin ɗan gidan dutsen nan. Sai ya miƙo mini makullin.

Ya ce, "Ke ce a bakin ƙofa, Amparo. Sauka ki buɗe mana, mu je mu ga gida."